Kachalla: Dalilin da ya sa ciyawar da ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru ke dawowa duk lokacin da aka sare ta

Ga mai bin labaran tsaro na Arewa maso Yamma, kalmar kachalla tana tuna masa da laƙabin wasu jagororin 'yan bindiga. A ƙauyukan Guri da Kiri Kasamma na Jihar Jigawa, da na Nguru da Bade a Jihar Yobe, kalmar sunan wata doguwar ciyawar ruwa ce, wadda ita ma ta raba ɗimbin mutane da gonakinsu da wuraren kamun kifinsu.

Shekara da shekaru mazauna yankin suna fita aikin gayya da lauje da adda, su shiga ruwa har iya ƙirji suna saran ciyawar domin buɗe wa ruwa da kwalekwale hanya. Hukumomi ma sun sha shigar da manyan injuna su share magudanai, an kuma kashe kuɗi masu yawa. Amma kafin a je ko'ina sai a tarar hanyar da aka buɗe ta sake rufewa. Dalilin haka kashi biyu ne. Ɗaya yana cikin laka, a jikin ciyawar kanta. Ɗayan yana can Jihar Kano, a ƙofofin madatsun ruwa na Tiga da Challawa. Duk shirin da bai duba su biyun tare ba, ƙarshensa zuba ruwa ne a rariya.

Abin da ke kwance cikin laka

Masana tsirrai suna kiran wannan ciyawa *Typha domingensis*, a wasu sassan ƙasar Hausa kuma ana ce mata shalla ko geranya. Ganyenta dogo ne siriri kamar takobi, tsayinta kan kai mita uku ko fiye, kuma tana fitar da kai mai launin ƙasa-ƙasa wanda ya yi kama da zangarniyar gero. Ba daga wata ƙasa aka kawo ta ba. Tun fil azal tana nan a bakin tafkuna da kududdufai, mutane suna yankanta su saƙa asabari da tabarma ko su yi jinka. Yawanta ne ya sauya, ita kam tana nan yadda take.

Ganyen da ido ke gani a saman ruwa rabin labarin ne kawai. Asalin jikin ciyawar wani kara ne da ke kwance a cikin laka, yana tafiya a gicciye maimakon ya miƙe sama. Wanda ya taɓa riƙe ɗanyar citta ya san irin wannan kara: mutane suna ɗaukarta saiwa, alhali kara ce mai gaɓoɓi, kuma a jikin gaɓoɓin akwai idanu kamar na rake, kowane ido yana iya tohowa ya zama sabon tsiro. Daga wannan kwantaccen kara saiwoyi ke sauka ƙasa, ganyaye kuma su tashi sama.

Kwantaccen karan yana aiki biyu. Na farko, rumbu ne. Abincin da ganye ya haɗa da hasken rana yana sauka ya taru a cikinsa a matsayin sitaci, shi ya sa idan an sare ganyen ko gobara ta cinye shi, ciyawar ke da jarin da za ta sake tohowa cikin 'yan kwanaki. Na biyu, da shi take yaɗuwa. Karan yana miƙa rassa ta kowace kusurwa, kowane reshe ya fitar da sabon tsiro, har a wayi gari fili mai faɗi ya cika da ciyawar da a ƙarƙashi duk jiki ɗaya ce, a sarƙe kamar taru.

Ban da wannan, kachalla tana da iri mai yawan gaske. Kai guda yana iya ɗaukar ƙwayoyin iri sama da 100,000, kowace da ɗan gashi kamar audugar rimi, iska ta kwashe su ta kai nesa. Irin yana tsira ne a kan laka mai danshi ko ruwa marar zurfi inda haske ke isa. Iri ne ke kama sabon wuri, kwantaccen kara kuma shi ke hana a ƙwace shi.

Darasi daga akwatin kifin ado

Mutanen da suka fi kowa sanin halin irin wannan kara su ne masu kiwon kifin ado a akwatunan gilashi, domin su abin a gaban idonsu yake faruwa, babu laka mai ɓoye shi. Ɗaya daga cikin tsirran da suka fi shukawa a waɗannan akwatuna a faɗin duniya shi ne Anubias, wanda asalinsa ƙoramun dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, ciki har da kudancin Najeriya da Kamaru. Nau'in da ya fi shahara, *Anubias barteri*, an raɗa masa sunan Charles Barter ne, mai tattara tsirrai da ya bi tawagar Dakta Baikie zuwa Kogin Kwara, ya kuma rasu a Rabba a 1859.

Idan Anubias ya yi yawa ya cika akwati, mai shi yakan ciro shi, ya sa wuƙa mai kaifi ya yanka kwantaccen karan gida biyu ko uku, yana barin ganye uku ko huɗu a jikin kowane yanki. Sai ya ɗaure kowane yanki da zare a jikin dutse ko itace ya mayar cikin ruwa. Bayan makonni, kowane yanki ya kama, ya zama tsiro mai zaman kansa, tsohon karan da aka yanka kuma ya farkar da idanunsa da suke barci ya fitar da sabbin rassa. Wato a wurin wannan jinsin tsirrai, yanka kara hanyar ninka shi ce.

Akwai kuma kuskuren da ake yawan gargaɗin sabon shiga a kai: kada ya binne karan Anubias a cikin yashi. Saiwoyin suna iya shiga yashin, amma idan karan kansa ya nutse inda ruwa mai ɗauke da iska ba ya ratsawa, zai ruɓe, ganyen su zube, tsiron ya mutu.

Waɗannan ƙa'idoji biyu, cewa guntun kara mai ido sabon tsiro ne, kuma karan da aka hana iska ruɓewa yake yi, su ne mabuɗin fahimtar abin da ke faruwa a fadamun Haɗeja. Bambancin kawai shi ne mai akwatin gilashi yana so tsironsa ya rayu, manomin Guri kuwa so yake ya ga bayansa.

Yadda take numfashi

Tambayar da za ta biyo baya ita ce, idan karan da aka binne yana ruɓewa, me ya hana na kachalla ruɓewa, tunda shi rayuwarsa gaba ɗaya a cikin taɓo take, inda kusan babu iskar oksijin?

Amsar tana cikin ganyen. Idan aka karya ganyen kachalla aka duba cikinsa, za a ga ƙananan ramuka jere kamar soso. Waɗannan ramuka hanyoyin iska ne da suka taso daga ƙarshen ganye har cikin kara da saiwa. Iska tana shiga ta sabbin ganyaye, ta gangara cikin kwantaccen karan, ta fita ta tsofaffin ganyaye da busassun karare da suka karye. Ko busasshen kara da ya mutu, muddin kansa yana saman ruwa, bututun numfashi ne ga abin da ke ƙasa.

A nan ne sirrin sara yake. Idan aka sare ciyawar a saman ruwa, kututturen da ya rage yana ci gaba da shigar da iska, karan da ke ƙasa bai ji komai ba, sai ma ya sami sarari da haske ya turo sabbin ganye. Idan kuwa aka sare ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, hanyar iska ta yanke. Karan zai yi ta ƙona abincin da ya tara yana ƙoƙarin turo sabon ganye ya ɓullo sama ya shaƙi iska. Idan aka sake sare wannan sabon ganyen kafin ya daɗe a waje, aka maimaita sau biyu ko uku a cikin kaka ɗaya ta girma, rumbun yana ƙarewa, karan ya ruɓe. Lokacin da sara ya fi tasiri shi ne sa'ad da ciyawar ke fitar da kai, domin a lokacin ta kwashe mafi yawan ajiyarta ta zuba a fure da iri.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa wasu hanyoyin da aka saba bi ba sa kai wa gaci. Wuta tana cinye busasshen ganye, amma ba ta isa ga karan da ke cikin danshi, tokar ma taki ce a gare shi. Injin da ya kutsa ya daddatse karan ya bar guntayen a cikin ruwa ko ya jibge su a gefen magudana inda akwai laima, ya yi wa ciyawar irin aikin da mai kifin ado ke yi wa Anubias da wuƙarsa. Sara sau ɗaya tak a shekara kuma, komai yawan mutanen da suka fito, aski ne kawai.

Abin da madatsun ruwa suka sauya

Duk da wannan ƙarfi nata, kachalla tana da abokan gaba biyu a halitta: fari mai tsawo da ke busar da laka har ta tsage, da ambaliya mai ƙarfi da ke zurfafa ruwa ta kuma kwashe lakar da ta taru a magudana. Kafin shekarun 1970, Kogin Haɗeja yana kawo mata su biyun a kowace shekara. Da damina yakan cika ya malala cikin fadamu, daga watan Agusta zuwa Oktoba. Da rani kuma yakan ja baya, yawancin magudanan su ƙafe. A kan wannan juyi rayuwar yankin ta ginu: masunta su kama kifi lokacin cikar ruwa, manoma su shuka shinkafa, idan ruwa ya janye a shuka wake da alkama da kayan lambu a kan danshin da ya bari, makiyaya kuma su sauko da shanunsu su ci sabuwar ciyawa. Kachalla ba ta samun sukunin wuce bakin tafkunan da ba sa ƙafewa.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka tsara ta riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. A 1992 aka kammala ta Challawa a yankin Ƙaraye. Waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja, kuma madatsun biyu suna sarrafa kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwansa. An gina su ne da manufa mai kyau: noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, da samar wa birnin Kano ruwan sha, daga baya kuma aikin noman rani na kwarin Haɗeja a yankin Auyo. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976, ita ke kula da su.

Sai dai madatsa tana juya kalandar kogi. Tana riƙe ruwan damina, don haka babbar ambaliyar da ke wanke magudanai ta ragu. Tana kuma sakin ruwa da rani domin gonakin ban-ruwa da famfunan da ke jawo wa Kano ruwa, don haka kogin da a da yake ƙafewa ya koma gudana duk shekara, a hankali, ba zurfi. Ruwa marar zurfi mai tafiya sannu wanda ba ya yankewa shi ne ainihin abin da kachalla ke so. Ga shi kuma ruwan da ya ratsa gonakin ban-ruwa da magudanan birni yana zuwa ɗauke da ragowar takin zamani da ƙazanta, waɗanda abinci ne a gare ta.

Daga nan sai abu ya riƙa ciyar da kansa. Ciyawar tana rage gudun ruwa, ruwan da ya rage gudu yana sauke lakar da ya ɗauko, lakar tana cike magudana ta rage mata zurfi, magudana marar zurfi kuma sabon fili ne ga ciyawar. Faɗin ƙasar da ruwa ke malalewa a kai da damina, wanda a shekarun 1960 yakan haura murabba'in kilomita 2,000, ya koma ƙasa da 1,000 a shekaru da dama tun daga shekarun 1980, sakamakon madatsun da kuma farin da aka yi a wancan lokaci. A cikin abin da ya rage ma, wani kaso ya daina bushewa gaba ɗaya, ya zama dajin kachalla.

Su wa ke biyan kuɗin

Bayan ya wuce garin Haɗeja, kogin yana rabuwa zuwa rassa, manyansu su ne magudanar Marma da ke tafiya Tafkin Nguru, da Burum Gana, da tsohon Kogin Haɗeja wanda ke haɗuwa da Kogin Jama'are su zama Kogin Yobe a wajen Gashuwa. Da ciyawa da laka suka toshe wasu daga cikin rassan, ruwa ya karkata akasari zuwa Marma. Sakamakon haka ya zo da fuska biyu masu karo da juna. Ƙauyukan da ke bin Marma zuwa Nguru sun sami ruwa fiye da kima, gonaki suka nutse suka ƙi bushewa. Waɗanda ke bin sauran rassan kuma suka rasa ruwan da suka saba samu. Ruwan da Kogin Haɗeja ke kaiwa Kogin Yobe ya ragu ƙwarai, har ya zama mutanen Gashuwa da Gaidam, da na Jihar Diffa a Jamhuriyar Nijar inda kogin ya zama iyaka, sun dogara ne kusan kacokan a kan Kogin Jama'are. Wannan ne ya sa batun madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana shirin ginawa a kan Jama'are a Jihar Bauchi yake tayar da jijiyar wuya tsakanin jihohin sama da na ƙasa duk lokacin da aka tado shi.

Masunci ba ya iya jefa koma a cikin dajin kachalla, kwalekwale ma ba ya ratsawa. Manomi da gonarsa ta koma ruwa sai ya nemi tudu, inda yakan ci karo da makiyayin da shi ma makiyayarsa ta rani ta ɓace, abin da ke ƙara rura rikicin da dama can akwai shi. Tsuntsayen jan-baki suna samun wurin kwana da na sheƙa a cikin ciyawar, inda babu mai iya kai musu, daga nan su fito garke-garke su afka wa shinkafa da gero da dawa. Ruwan da ya tsaya cik a gindinta matattarar sauro ce, da kuma ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya.

Haka kuma idan aka yi damina mai nauyi, kamar ta 2022 da ambaliyarta ta hallaka mutum sama da 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, ruwan da ya taso ba ya samun buɗaɗɗiyar hanyar wucewa. Kachalla ba ita ke kawo ruwan sama ba, amma magudanar da ta cika da laka da ciyawa tana tilasta wa ruwa ya haura gaɓa ya shiga gari.

Fadamun suna da daraja da duniya ta amince da ita. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da magudanar Marma, mai faɗin hekta 58,100, a jerin dausayin duniya na Yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko da ya sami wannan matsayi a Najeriya. Dausayin Baturiya ya bi sahu a 2008. Tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai suna sauka a Dagona da kewaye duk lokacin hunturu. Tun farkon shekarun 1990 kuma masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna amfanin da ake samu daga noma da kamun kifi da itacen girki a fadamar, suka gwada shi da na aikin ban-ruwa na Kogin Kano. Abin da suka gano shi ne, idan aka yi lissafi bisa yawan ruwan da kowanne ke sha, fadamar ta fi kawo riba nesa ba kusa ba. Binciken ya shahara a jami'o'in duniya, amma bai sauya yadda ake raba ruwan ba.

Ba a Najeriya kaɗai ba

Abin da ke tabbatar da cewa sauyin ruwa ne tushen matsalar shi ne yadda labarin ya maimaita kansa a wasu wurare. A Kogin Senegal, an kammala madatsar Diama a 1986 domin hana ruwan teku mai gishiri haurowa, aka kammala ta Manantali a Mali a 1988. Ruwan bakin kogin ya koma mai daɗi, tsayinsa kuma ya daina hawa da sauka kamar da. Cikin 'yan shekaru kachalla ta mamaye gaɓoɓin kogin a Senegal da Muritaniya, ta toshe magudanan ban-ruwa, cutar tsargiya kuma ta ɓarke a garin Richard Toll. A dausayin Everglades na Jihar Florida a Amurka, wannan ciyawa dai ta kori ciyawar asali a wurare masu faɗi bayan da magudanai suka sauya tafiyar ruwa, takin da ke gangarowa daga gonakin rake kuma ya ƙosar da ita.

Abin da aka gwada

Yankin bai rasa shirye-shirye ba. A 1987 aka fara aikin kare dausayin Haɗeja da Nguru da haɗin gwiwar ƙungiyoyin kare muhalli na gida da na waje. A farkon shekarun 2000 hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya ta tallafa wa wani shiri da ya haɗa kan al'ummomin fadamar suna share magudanai da hannu. A 2006, bayan wani taron ƙoli a Damaturu, gwamnatin tarayya da jihohi shida, wato Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka kafa asusun amana domin kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 500 domin shirin TRIMING na gyara harkar ban-ruwa, wanda ya haɗa da ayyukan Kogin Kano da na kwarin Haɗeja. A 2021 kuma ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja.

Kowace dabara da aka yi amfani da ita tana da iyakarta. Sara da hannu a ƙarƙashin ruwa yana aiki, amma aikin wahala ne da ke jefa mutane cikin ruwa mai tsargiya da macizai, kuma sai an maimaita shi a kan lokaci. Injunan haƙa masu tafiya a ruwa suna buɗe magudana da sauri, suna kuma kwashe laka, sai dai suna cin mai da kayan gyara, kuma dole a kai karan da aka tono tudu ya bushe ƙurmus. Maganin feshi yana iya kashe ciyawar har kara, amma zuba shi a ruwan da mutane da dabbobi ke sha, kifi ke rayuwa a ciki, kasada ce babba. Duk dabarun nan kuma suna taɓa ciyawar ne kawai. Muddin ruwan rani marar zurfi yana ci gaba da kwarara, irin da iska ke kawowa zai sake kama wurin da aka share.

Ko za ta iya zama dukiya

Wasu masana suna ganin tunda kawar da ita gaba ɗaya ba abu ne mai sauƙi ba, a samar mata kasuwa yadda saranta zai riƙa biyan kansa. A Muritaniya, ƙungiyar GRET ta Faransa tare da wata cibiyar fasaha da ke Rosso sun koya wa ƙauyuka yin gawayin girki daga busasshiyar kachalla. A Senegal ana haɗa ta da ƙasa a yi kayan gini masu hana zafi shiga ɗaki. A Najeriya, ƙarƙashin shirin TRIMING, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ta yi aiki da jami'o'i daga Sifaniya da Amurka kan yadda za a mai da ita iskar gas ta girki da kuma tsumammen abincin dabbobi.

A yankin da itacen girki ke ƙara tsada kuma shanu ke rama da rani, wannan tunani yana da ma'ana. Amma akwai tarko a ciki. Mai sara domin sayarwa so yake ciyawar ta sake tohowa, don haka zai sare ta a saman ruwa, inda ya fi sauƙi. Mai son gonarsa ta dawo kuwa so yake ta mutu. Idan ba a ware wuraren girbi daban, magudanan da dole su kasance a buɗe daban ba, kasuwar na iya zama dalilin raya ciyawar.

Tambayar da ta rage

Maganin da masana ruwa suka daɗe suna ba da shawara a kai shi ne a sauya yadda ake sakin ruwa daga Tiga da Challawa, ya ɗan kwaikwayi halin kogin na asali: a saki ruwa mai yawa a tsare lokacin damina domin ya wanke magudanai ya shayar da fadama, a kuma rage na rani zuwa gwargwadon buƙata ta haƙiƙa, yadda wasu rassan za su sami watannin bushewa. Idan aka haɗa wannan da sara a ƙarƙashin ruwa a kan kari, ciyawar za ta fuskanci fari da nutsewa, abubuwa biyun da karanta ba ya jurewa.

Wahalar ita ce wannan hukunci ne na siyasa. Rage ruwan rani yana nufin a gyara magudanan ban-ruwa da ke zubar da ruwa a banza, a kuma gyara wuraren jan ruwan birnin Kano yadda ba sai an cika kogi ba kafin famfo ya ja. Madatsun suna Kano, hukumar da ke riƙe da makullinsu ta tarayya ce, asarar kuma tana Jigawa da Yobe da Borno da Diffa. Najeriya da Nijar sun rattaba hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci, Komadugu Yobe na ciki. Ƙudirin dokar albarkatun ruwa ta ƙasa kuwa, wanda aka ce zai fayyace ikon kowa, ya sha cin karo da adawa a Majalisar Tarayya a 2018 da 2020 da 2022.

Saboda haka idan aka sake jin sanarwar kwangilar share kachalla, akwai tambayoyin da ya kamata 'yan majalisar yankin da masu zaɓensu su nemi amsarsu a rubuce. Kilomita nawa za a share, a wace magudana, kuma a wane wata? A saman ruwa za a sare ko a ƙarƙashi, kuma sau nawa za a dawo a cikin shekarar? Ina za a kai karan da aka tono? Wa zai biya kuɗin kula da wurin bayan ɗan kwangila ya kwashe injunansa? Sannan wane jadawali ake bi wajen buɗe ƙofofin Tiga da Challawa, kuma me ya hana a wallafa shi kowa ya gani, tun daga manomin Kadawa har masuncin Nguru?